Ka Manta Sunanka, Amma Ba Ka Manta Diyya Ba?

Ya ku mutanen Kurayyat, da 'yan'uwa na Karantina da Gulel waɗanda rusau ya watsa cikin Jidda amma bai raba su da gardama ba. A gyara zama, a zuba shayi, yau da rigima na zo. Cewa nake yi likitocin ƙwaƙwalwa suna da hanyar gane mutumin da ya bugu a ka, aka zaunar da shi gwajin tunani, ya ƙi yin iya ƙoƙarinsa don sakamako ya nuna ciwon ya fi yadda yake. Tun ban rufe baki ba ga Alhaji mai kanti ya taɓe nasa, Baba direba yana cewa, "Haba ya shaikh, bar mu da tatsuniya," Malam kuma yana gyara hula zai kafa mini hujja cewa abin da ke cikin zuciya Allah kaɗai ya san shi. Na ji, Allah gafarta Malam. Kai sai can gaba, domin naka ya fi kowanne daɗi.

Mu fara da inda kuɗin yake, tunda a nan ne kunnuwanku ke buɗewa. Mota ta kwashe mutum a tsohon titin Makka, ko ya faɗo daga saman gini a wurin aiki. An kai shi asibiti, likita ya auna shi da ma'aunin Glasgow, wanda Teasdale da Jennett suka fito da shi a 1974, mai tashi daga 3 zuwa 15. Wanda ya samu 13 zuwa 15 rauninsa ƙarami ne, wanda ya samu 8 zuwa ƙasa nasa mai tsanani ne. Masu ƙaramin rauni galibi hoton kansu ba ya nuna komai, kuma mafi yawansu kan warware cikin makonni zuwa wata uku. Sai ga wani bayan shekara guda yana cewa shi fa tun ranar nan ba ya riƙe komai a kansa. Yana iya zama gaskiya ya faɗa. Sai dai kuma a ƙasar nan tun 2011 diyyar kisan kuskure riyal 300,000 ce, gushewar hankali kuwa a fiƙihu cikakkiyar diyya take ci, raguwarsa gwargwadon abin da ya ragu. Ga kamfanin inshora, ga Ta'aminat da ke biyan raunin wurin aiki har ga baƙo mai iƙama. Duk waɗannan suna jiran takarda ɗaya: me ya rage a kan mutumin nan?

To mantuwa ba ta fitowa a jini. Awon hawan jini bai damu da yardarka ba, a ɗaura maka a hannu kawai ya faɗi abin da ya gani. Gwajin tunani kuwa sai da haɗin kanka: a karanta maka kalmomi ka maimaita, a nuna maka zane ka kwaikwaya, a ba ka lambobi ka juya su. In ka ga dama ka ce ka manta, wa zai shiga kanka ya duba?

"Ai likita mai gogewa da ido zai gane," in ji Alhaji. "Labarin zuciya a tambayi fuska. Ni da nake kanti shekara da shekaru, mai niyyar cin bashi tun daga ƙofa nake gane shi." Allah ya ƙara basira, Alhaji, amma littafin bashin nan da ke ƙarƙashin teburinka da wani labarin yake bayarwa. Kada ka ji haushi, likitocin ma haka suka yi ta cika baki har aka kunyata su. A 1978 Robert Heaton da abokan aikinsa a Amurka suka sa lafiyayyun mutane su yi kamar sun bugu a ka, suka cakuɗa sakamakonsu da na masu rauni na gaskiya, suka miƙa wa ƙwararru goma su tantance. Wasu ba su fi mai canki-canka ba, gwanin cikinsu da kaɗan ya ɗara. A 1988 David Faust ya ƙara musu gishiri a ciwo: yara uku, 'yan shekara 9 zuwa 12, aka ce su yi kamar ƙwaƙwalwarsu ta taɓu, aka aika sakamakon ga ƙwararru. Kusan dukkansu suka ce lallai yaran nan ba su da lafiya. Ko mutum ɗaya bai ce wasa ne ba. Yaran da a gidanka ko sayen burodi aka aike su sai an rubuta musu a takarda, su ne suka yi wa masu digiri wayo.

Baba direba ya samu abin da yake so: "Ka gani! In idon likita bai gane ba, takarda ce za ta gane?" Baba, ba ni riyal ɗaya na ƙarfe. Ga shi a tafin hannuna na dama, ka gan shi sarai. Na dunƙule hannuwa biyu. Rufe ido, ka ƙirgo daga goma zuwa ɗaya. Buɗe. A wane hannu yake? Ka ga har ka ji haushin tambayar, don ta yi maka sauƙi. Za mu yi haka sau goma, wani zubin dama, wani hagu. Wannan wasan yaran gwaji ne na gaske, Narinder Kapur ya wallafa shi a Ingila a 1994. Masu mantuwa mai tsanani, waɗanda ba su iya gaya maka abin da suka ci da safe, cinye shi suke yi ko su kusa, domin riƙe abu na 'yan daƙiƙu wani aiki ne daban da ciwonsu bai cika taɓawa ba. Wanda ya zo da shirin nuna mantuwa kuwa sai ya ga cewa in ya ci duka asirinsa ya tonu, sai ya fara zaɓen hannun da babu komai.

A nan lissafi ke shigowa, shi kuwa ba ya jin kunyar kowa. A ce tambaya 50 ce, kowace da amsa biyu, ɗaya daidai ɗaya kuskure. Wanda bai ga komai ba, bai ji komai ba, yana nuni da yatsa ido rufe, zai ci wajen 25. To sai ga wani ya ci 10. Samun 10 ko ƙasa da haka bisa tsautsayi kawai bai kai sau ɗaya cikin 80,000 ba. Kafin mutum ya kauce wa amsar daidai sau 40 cikin 50, sai ya san ta. Ya zo ya nuna bai tuna ba, sai ya kafa hujjar cewa ya tuna sarai. Loren Pankratz ne ya yayata wannan dabara a ƙarshen shekarun 1970, daga baya aka gina gwaje-gwaje da yawa a kanta. Fitacce a cikinsu shi ne TOMM, na Tom Tombaugh na Jami'ar Carleton a Kanada, wanda ya fito a 1996: a nuna maka zanen abubuwa 50 ɗaya bayan ɗaya, sannan a riƙa kawo su bibbiyu, tsoho da sabo, ka nuna wanda ka gani. Jin "hamsin" kawai yana tsorata mutum, alhali gane abin da ido ya taɓa gani yana cikin ayyukan ƙwaƙwalwa masu taurin rai.

Na ga Bakano yana murmushi a gefe, ya riga ya buga lissafinsa: "Shi ke nan, sai in ci rabi daidai, ba sama ba ƙasa." Sannu da dabara, ɗan kasuwa, Zagezagi dai sun daɗe suna faɗin halinku. Ai yawancin waɗanda ake ganewa ba ta ƙasa da rabi ake gane su ba. Ana gwada makinka ne da na mutanen da suka kwana kwanaki a sume, aka buɗe musu ƙoƙon kai, hoto ya nuna ɓarnar ƙiri-ƙiri. Su waɗannan, in dai suna iya zama su saurara, kusan cinye irin wannan gwajin suke yi. Kai da ka tashi daga wurin haɗarin da ƙafarka, ka tsaya ka yi musu da ma'aikacin Najm mai duba haɗari a kan kashi nawa ne laifinka, ka tuƙo kanka zuwa asibiti ba ka ɓata hanya ba, ka zo ka ci rabi? Paul Green da abokan aikinsa a Kanada sun duba mutum 904 masu neman diyya, suka wallafa a 2001 cewa ƙarancin ƙoƙari ya fi rauni mai tsanani jawo makin mutum ƙasa. A cikin masu neman diyyar, 'yan ƙaramin rauni sun fi 'yan babban rauni faɗuwa gwajin ƙoƙari. Wane irin ciwo ne wannan da yake ƙaruwa in bugun ya ragu?

Asirin ke nan, kuma ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Ciwon gaskiya yana da tsari. Mai rauni a ƙwaƙwalwa yakan rasa sabon abu ya riƙe tsoho, ya sha wuya a mai wuya ya samu sauƙi a mai sauƙi, ya kasa tunowa da kansa amma ya gane in an nuna masa. Mai kwaikwayo kuwa a fim ya koyi mantuwa, inda jarumi ke farkawa a gadon asibiti yana tambayar wane ne shi. Sai ya manta sunan mahaifiyarsa, ya manta biyu da biyu nawa ne, ya faɗi mai sauƙi ya ci mai wuya, yau ya kasa abin da ya iya jiya. Kuma gwajin ba ɗaya ba ne. Ana warwatsa su cikin zaman sa'o'i, wasu ma a cikin gwajin yau da kullum suke, kamar maimaita lambobi, ba a gaya maka wanne ne wanne. Makin da ake yanke hukunci da shi kuwa, Bakano, ba zan faɗa ba, ko ka saya mini buhari da kaza.

Hajiya mai tuwo ta ce duk wannan zato ne, zato kuwa zunubi: "Wane ɗan halas ne zai ce hankalinsa ya taɓu saboda kuɗi?" Hajiya, Allah ya bar mana ke da kyakkyawar zuciya. A 2002 Wiley Mittenberg ya tattara ƙiyasin ƙwararrun Amurka a kan shari'o'i da marasa lafiya sama da 33,000. Suka ce a masu ƙarar neman diyyar rauni kashi 29 cikin ɗari akwai alamar ƙari ko kwaikwayo, a masu ƙaramin bugun kai kashi 39, a marasa lafiyar da ba su neman komai kuwa kashi 8. Ƙiyasi ne, kuma na Amurka ne, ba wanda ya zo Kurayyat ya ƙirga mu, don haka kada wani ya tashi da shi ya je ya tsare maƙwabcinsa. Amma dubi tazarar da ke tsakanin 8 da 39, ki gaya mini abin da ya raba su in ba kuɗi ba. Rigimar ma ta girmi kakanninmu: tun 1866 likita John Erichsen ya yi rubutu a Landan a kan fasinjojin jirgin ƙasa da ke kuka da ciwon da ba a gani bayan haɗari, likitocin kamfanonin jirgi suna cewa diyya ce ke ciwon. Akwai kuma Vincent Gigante, shugaban wata ƙungiyar 'yan mafiya a New York, wanda ya shafe shekaru yana yawo a unguwa da rigar wanka da silifa yana sambatu, manyan likitoci suna shaida cewa ba shi da hankalin tsayawa gaban alƙali. A 2003 ya amsa a kotu cewa yaudara ce.

Yauwa, Allah gafarta Malam, bisimilla. Ka ce wannan bincike ne irin na Turawa, Musulmi ana karɓar maganarsa da rantsuwa, ba a bin diddiginsa. To a ɗauko Muhtasar na Shaihu Halil, wanda ka karanta a zaure a Zariya ko Kano kafin ka hau jirgi, a buɗe babin jini da diyya. Raunin da ido ke gani an yanka masa kuɗinsa: wanda ya bayyana ƙashin kai raƙuma biyar, wanda ya kai ga fatar ƙwaƙwalwa sulusin diyya. A kotunan ƙasar nan ma akwai ma'aikacin da aikinsa ke nan, ƙiyasta raunuka. Amma da aka zo kan abin da ido ba ya gani, me malamin Misiran nan na ƙarni na 14 ya ce a yi? Ya ce a jarraba. Wanda ya ce jin kunnensa ɗaya ya ragu, a toshe lafiyayyen, a riƙa kiransa daga wurare dabam-dabam, a auna nisan da yake daina ji. In maganarsa ta zo ɗaya ta kowane ɓangare, ya rantse a ba shi. In ta saɓa, babu komai. Mai cewa ya daina jin wari a kawo masa wari mai kaifi. Mai cewa ɗanɗanonsa ya tafi a ba shi abu mai ɗacin da ba a daurewa, a dubi fuskarsa. Wanda aka ce hankalinsa ya gushe kuwa a lura da shi a lokacin da yake shi kaɗai, yana zaton ba mai kallonsa, a ga ko aikin masu hankali yake yi.

Malam, ka ga rantsuwa tana nan, amma sai bayan awo. Kiran mutum daga gabas da yamma a ga ko amsarsa za ta daidaita, shi ne fa abin da Tombaugh da Green suke yi da zane da kwamfuta. Malamanmu ba mugun zato ne ya sa su haka ba. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya hukunta wa mutum ɗaya diyya huɗu yana raye, saboda jifa da aka yi masa a ka ya tafi da jinsa da maganarsa da hankalinsa da ƙarfinsa na aure. Shari'ar da ke biyan mai rauni har haka dole ta tsare wanda zai biya, shi ma bawan Allah ne, wataƙila direba ne irin Baba da ke tara riyal ɗaiɗai yana aika wa iyali Maraɗi. Na ga Baba ya daina dariya.

Saura ke, 'yata, da kike karatun aikin jinya, kin yi shiru tun ɗazu. Tambayarki ita ce mai nauyi, kuma ba zan zolaye ki a kanta ba: in gwajin ya kama marar laifi fa? Yana faruwa. An gina yawancin gwaje-gwajen nan a Amurka da Kanada, a kan mutanen da suka yi boko da Turanci. Ɗauki tsohon gwajin André Rey na Suwizalan, mai abubuwa 15 da ake nunawa na daƙiƙa goma: sauƙinsa ya dogara ne da cewa kana ganin A, B, C da lambobin Rumawa ka san jeri ne. Kawo dattijon da ya yi allo, yana rubuta ajami kamar ɗab'i, bai taɓa riƙe fensir ya yi boko ba. A wurinsa baƙin zane ne guda-guda. Maimaita lambobi ma harshe yana taɓa shi: wani bincike na 1986 da ya gwada Turanci da Sifaniyanci da Ibrananci da Larabci ya samu masu Larabci sun fi riƙe kaɗan, saboda sunayen lambobinsu sun fi tsawo a baki. To ina ga Bahaushen da ake yi wa gwaji da Larabcin da ya tsinta a Bab Sharif, ko ta bakin tafinta? Ƙara da mai ruɗewar tsufa, da mai ciwon da ya hana shi barci, da wanda magani ya yi wa nauyi, da wanda ganin farar riga da takardar hukuma kawai ke sa cikinsa ya ɗuri ruwa saboda iƙamarsa ta ƙare.

Shi ya sa masu sana'ar suka ɗaure kansu da ƙa'idoji. Ana saita kowane gwaji yadda ba zai zargi fiye da ɗaya cikin goma na masu gaskiya ba, ɗaya cikin goma kuwa ba kaɗan ba ne, don haka faɗuwa ɗaya ba ta isa hukunci. Ƙa'idojin da Slick da Sherman da Iverson suka shimfiɗa a 1999, aka sabunta a 2020, sun ce kafin a kira mutum mai kwaikwayo sai an ga abin da zai samu in ya yi hakan, an ga hujja daga gwaje-gwaje, an kuma tabbatar wata cuta ta ƙwaƙwalwa ko ta tabin hankali ba ta isa ta bayyana abin ba. In ba haka ba, iyakar abin da likita zai rubuta shi ne makin yau ba abin dogaro ba ne. Ka ga Malam, mun dawo kan maganarka: niyya tana wurin Allah, gwaji maki yake tantancewa. Kuma mutum yana iya zama ya ji ciwo na gaske ya ƙara masa gishiri, don tsoron kada a ce lafiyarsa ƙalau a sallame shi hannu rabbana. Irin wannan shi ya fi ba ni tausayi, domin ƙarin da ya yi shi ke sa a yi shakkar har abin da yake gaskiya.

In kun bi ta tawa ma, a unguwannin nan masu ɓoye ciwo sun fi ba ni tsoro a kan masu ƙara shi. Lebura ya faɗo, ya suma, ya farfaɗo, kansa na sarawa, yana ganin abu bibbiyu, amma da kafili ya tambaya sai ya ce alhamdu lillahi, don kada a buga masa fita ta ƙarshe. Gobe ya sake hawa gini, ko ya riƙe sitiyari da yaran mutane a baya. Wanda ya bugu a ka ya yi amai, ko barci ya rinjaye shi, ko ciwon kan yana ƙaruwa, wannan asibiti ne a daren, ba a jira safiya ba, ba a tsaya shafa man zafi ba.

Wanda kuma aka kira gwaji, shawara kyauta ce. Ka yi barci, ka tafi da tabaranka da magungunan da kake sha, ka gaya wa likita harshen da ka fi iyawa da irin karatun da ka yi, in allo ne ka ce allo ne, ba abin kunya ba ne. Ka tafi da wanda ya san ka kafin haɗarin. Sannan ka yi iya ƙoƙarinka a kowace tambaya, mai sauƙi da mai wuya. In ciwon na nan, zai fito da kansa a inda ya kamata ya fito, kuma makin da ka ci a masu sauƙin su ne shaidunka a gaban alƙali.

Ku kuwa 'yan adashinmu da kuka kwashe tun watan Rajab, kuka ce tun da kuka buga kai a ƙofar bas ba ku tuna ranar zubi, ranar Juma'a bayan la'asar ina nan tafe da riyal ɗaya a hannu. Alhaji, ka fito da littafin nan naka, mu haɗa aikin gaba ɗaya.